Tsare Gida da Harin Ramuwa: Lissafin Ƙungiyar da Ke Sakin Ƙwallo

Sharhin wasanni na wannan mako ya karkata ne ga salon taka leda da ya fi kowane shan suka a gidajen kallon ƙwallo, wato salon da ƙungiya ke ja da baya ta cika gaban ragarta da 'yan wasa, ta sakar wa abokiyar karawa ƙwallo ta yi ta juyawa, sannan da zarar ta ƙwace ta sai mutum biyu ko uku su ruga da ita kafin ɗaya ɓangaren ya koma mazauninsa. Rabin farko na wannan aiki shi ne tsare gida, rabi na biyu kuma shi ne harin ramuwa, kuma 'yan kallo da yawa, musamman waɗanda ƙungiyarsu ta sha kashi a hannun masu wannan salo, sukan haɗe su duka su ce ƙwallon tsoro ce. Akwai wasannin da suka cancanci wannan suna, amma tarihin manyan gasanni ya nuna cewa ana iya rarrabe ƙungiyar da ta koma baya bisa shiri da wadda aka kora baya dole, kuma abin da ke rarrabe su shi ne ko akwai hanyar fita da ƙwallo idan an ƙwace ta.

Tushen dabarar lissafin fili ne. Filin manyan wasanni yakan kai mita 105 a tsawo da mita 68 a faɗi, kuma babu mutum goma da za su iya rufe wannan sarari gaba ɗaya, don haka dole koci ya zaɓi inda zai rufe da inda zai bari. Mai tsare gida yana zaɓar ya rufe tsakiya da kuma gaban da'irar mai tsaron raga, inda mafi yawan ƙwallaye ke fitowa, ya jera 'yan wasansa layi biyu, huɗu ko biyar a baya da huɗu ko biyar a gabansu, tare da matse tazarar da ke tsakanin layukan ta yadda ɗan wasan da ya karɓi ƙwallo a tsakaninsu ba zai sami damar juyowa ya fuskanci raga ba. Abin da ake bar wa abokin karawa shi ne gefe-gefe da kuma rabinsa na fili, domin wanda aka tura gefe layin fili ya riga ya tare masa hanya guda, abin da ya rage masa sau da yawa shi ne ya ɗago ƙwallo sama zuwa cikin da'ira, inda dogayen 'yan baya ke jiran ta da kai. Wahalar aikin tana cikin motsi tare: idan ƙwallo ta koma dama, layukan biyu za su zame dama baki ɗaya, idan ta dawo hagu su dawo, kuma haka za a yi ta yi har minti 90, kuskuren mutum ɗaya da ya makara da taku biyu kuwa ya isa ya buɗe ƙofa.

Ribar wannan haƙuri tana zuwa ne daga halin da mai riƙe da ƙwallo ke jefa kansa ciki ba tare da ya lura ba. Gwargwadon daɗewarsa yana neman kafa, gwargwadon yadda 'yan bayansa na gefe ke hawowa gaba, 'yan tsakiyarsa su matso bakin da'ira, har a wayi gari mutum biyu kacal suka rage a layin tsakiya, a bayansu kuma akwai fili mai tsawon kusan mita 50 babu kowa sai mai tsaron raga. Wannan filin shi ne abin da mai tsare gida ya yi kwanton ɓauna dominsa tun farkon wasa. Sai dai damar ba ta wuce daƙiƙu kaɗan, kuma tana buƙatar mutum iri uku a lokaci guda: wanda zai ƙwace ƙwallo ba tare da ya yi ƙeta ba, wanda zai ɗaga kai ya miƙa ta gaba da bugu ɗaya mai kyau alhali ana matsa masa, da wanda ke da gudun da zai riga 'yan baya isa gare ta. Na tsakiyan nan shi ne wanda aka fi mantawa da shi idan ana yabon 'yan baya, alhali in babu shi, ƙwallon da aka ƙwace dokawa kawai za a yi ta tafi inda ta ga dama, ta dawo cikin daƙiƙa goma, hari ya sake sabuwa.

Masana tarihin wasan sukan faro labarin daga Karl Rappan, ɗan ƙasar Ostiriya da ya horar da Servette da kuma tawagar Suwizalan a shekarun 1930, wanda ya lura cewa 'yan wasansa ba za su iya karawa ɗaya-da-ɗaya da ƙwararrun maƙwabta ba, sai ya ajiye mutum guda a bayan sauran 'yan baya domin ya share duk abin da ya kuɓuce musu. Da wannan tsari Suwizalan ta fitar da Jamus daga Kofin Duniya na 1938 da ci 4 da 2 a wasan da aka maimaita a Paris. Italiya ce ta ɗauki dabarar ta raine ta, ta ba ta sunan katenacho, wato sakatar ƙofa, shi kuma mutumin da ke bayan layi aka kira shi libero, ma'ana wanda ba a ɗaure shi da gadin kowa ba. Nereo Rocco ya ci wa AC Milan Kofin Zakarun Turai da ita a 1963, amma sunan da ya fi manne wa salon shi ne na Helenio Herrera, wanda Inter Milan ɗinsa ta doke Real Madrid da ci 3 da 1 a Biyana a 1964, ta kuma doke Benfica da ci ɗaya mai ban haushi a 1965.

Inter ta Herrera ta cancanci a dube ta da kyau, domin ita ce ta fi nuna fuskoki biyu na dabarar. Armando Picchi shi ne libero, yana share bayan masu gadi, amma ƙarfin ƙungiyar na haƙiƙa yana ƙafar Luis Suárez, ɗan Sifaniya da aka sayo daga Barcelona, wanda ke karɓar ƙwallo a can baya ya aika ta mita 40 ko fiye ta sauka a gaban Jair, ɗan Birazil mai gudu a gefen dama, ko a gaban Sandro Mazzola. A gefen hagu kuma akwai Giacinto Facchetti, ɗan baya da ke hawa gaba har ya ci ƙwallo 10 a gasar Italiya a kakar 1965 zuwa 1966, adadin da ɗan gaba ma ba zai ji kunyarsa ba a wancan zamani na ƙarancin ci. A wasan ƙarshe na 1967 a Lisbon, da Inter ta haɗu da Celtic ta Jock Stein, Suárez da Jair duk ba su buga ba. Mazzola ya ci bugun fenareti a minti na 7, ƙungiyar ta koma baya kamar yadda ta saba, amma a wannan karon babu mai miƙa doguwar ƙwallo kuma babu mai bin ta, don haka Celtic ta yi ta luguden hari ba tare da fargabar abin da zai biyo baya ba, har Tommy Gemmell ya farke, Stevie Chalmers ya ƙara ta biyu ana saura 'yan mintuna. Ƙwazon mai tsaron raga Giuliano Sarti ne ya hana cin ya yi yawa. Tsarin tsaron bai canza ba daga na 1964, abin da aka rasa shi ne barazanar da ke tilasta wa abokin karawa barin mutane a baya.

Dalilin da ya sa salon ya fi samun gindin zama a wasannin ƙasashe ba ɓoyayye ba ne. Kocin ƙungiya yana tare da 'yan wasansa kusan kullum na tsawon wata goma, yana da lokacin koya musu saƙar kai hari mai sarƙaƙiya, shi kuwa kocin ƙasa kwanaki kaɗan yake samu kafin wasa, da 'yan wasan da suka taho daga gasanni daban-daban, kuma koyar da inda kowa zai tsaya idan babu ƙwallo ya fi saurin shiga fiye da koyar da yadda za a warware mutum goma da suka taru. Ga kuma yanayin gasar sili-ɗaya-ƙwale, inda wasa guda ke yanke hukunci, canjaras kuma ke kai wa ga bugun fenareti. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, saboda haka duk abin da ya rage yawan damarmaki a wasa yana taimakon mai rauni ne, tunda mai ƙarfi yana buƙatar damarmaki da yawa kafin fifikonsa ya bayyana a allo. Kamaru ta nuna haka a wasan buɗe Kofin Duniya na 1990 a Milan, inda ta doke Ajantina mai riƙe da kofi da ƙwallon François Omam-Biyik, ta kuma ƙare wasan da mutum tara. Gasar ta wannan shekara ta ƙare da ƙwallo 115 a wasa 52, mafi ƙarancin matsakaicin ci a tarihin Kofin Duniya, kuma wannan ne ya ƙarfafa hukumomi suka haramta wa mai tsaron raga kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa tun daga 1992, suka kuma fara ba da maki uku ga wanda ya yi nasara a gasar 1994. Dokokin sun rage ɓata lokaci, amma ba su taɓa tushen lissafin fili ba.

Girka ta Otto Rehhagel ita ce misalin da kowa ke kawowa: a gasar ƙasashen Turai ta 2004 ta doke Faransa, da Jamhuriyar Cek, da Fotugal mai masauki, kowanne da ci ɗaya da nema, kuma dukkan ƙwallayen uku da kai aka ci su, biyu daga bugun kusurwa. Wannan yana tuna wa mai sauraro cewa hanyar fita ba lallai ta zama gudu ba, ƙwallon da aka ajiye aka buga ma hanya ce, matuƙar an ƙware a kanta. Girkar kuwa ba ta sami gurbin Kofin Duniya na 2006 ba, ta kuma sha kashi a dukkan wasanninta uku a gasar Turai ta 2008.

A ɓangaren ƙungiyoyi, wasan da aka fi jingina wa José Mourinho shi ne na Camp Nou a gasar Zakarun Turai ta 2010, lokacin da Inter ɗinsa ta rasa Thiago Motta da jan kati kafin a cika rabin sa'a, Samuel Eto'o ya koma kamar ɗan baya na gefe, aka tashi Barcelona na da ci ɗaya wanda bai ishe ta ba. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne Inter ta sami ikon yin wannan zaman ne saboda ta riga ta ci 3 da 1 a Milan, da hare-haren gaggawa da Wesley Sneijder ke tsarawa, Maicon da Diego Milito suna ƙarasawa, kuma ƙwallon farko da Milito ya ci Bayern Munich a wasan ƙarshe ta faro ne daga doguwar ƙwallon mai tsaron raga Júlio César, ta bi ta kan Milito da ƙafar Sneijder ta koma raga. Nasarar Chelsea a wannan gasa a 2012, wadda John Mikel Obi ya yi mata aikin tare tsakiya, ta fi wannan dogaro da sa'a, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka: Lionel Messi ya zubar da fenareti a Camp Nou, Arjen Robben ya zubar da nasa a ƙarin lokaci a Munich, kuma tsarin da ke buƙatar irin waɗannan kurakurai daga irin waɗannan 'yan wasa ba abin da koci zai gina shekaru a kansa ba ne.

Gasar lig mai wasa 38 ta fi tsananta wa wannan salo, domin a can dole a doke ƙananan ƙungiyoyi da su ma suke zuwa su tsare nasu gidan. Diego Simeone ya ci La Liga da Atlético Madrid a 2014 da 2021, amma Leicester ta Claudio Ranieri ce ta fi ba da mamaki, da ta ɗauki Firimiya a 2016 da maki 81, ta sha kashi sau uku kacal, alhali a yawancin wasanninta abokan karawa ne suka fi riƙe ƙwallo. Mutanen nan uku da aka ambata duk suna nan a fili: N'Golo Kanté yana ƙwacewa, Danny Drinkwater ko Riyad Mahrez yana miƙawa, Jamie Vardy yana bi, har ya ci ƙwallo 24. Da kakar ta yi nisa abokan karawa suka gane, suka daina barin fili a bayansu, sai Leicester ta koma cin ɗaya-ɗaya, har wasa huɗu a jere a watannin Maris da Afrilu. Kanté ya tafi Chelsea a bazarar da ta biyo baya, aka sallami Ranieri a Fabrairun 2017, ƙungiyar ta ƙare a matsayi na 12.

Maroko a Kofin Duniya na 2022 ita ce ta kawo batun kusa da masu kallo na Afirka. Walid Regragui ya karɓi aiki ne ƙasa da wata uku kafin gasar, ya jera huɗu a baya, Sofyan Amrabat shi kaɗai a gabansu, huɗu a gabansa, Youssef En-Nesyri a can gaba yana toshe hanyar da ƙwallo za ta bi ta isa ga ɗan tsakiyar abokan karawa. Har zuwa wasan kusa da na ƙarshe babu ɗan wata ƙasa da ya zura mata ƙwallo, guda ɗayar da ta shiga ragarta a wasan Kanada ɗan bayanta Nayef Aguerd ne ya ci gida bisa kuskure. Sifaniya ta miƙa ƙwallo fiye da sau 1,000 a minti 120, ta riƙe ta fiye da kashi 70 cikin 100 na lokaci, amma sau ɗaya tak bugunta ya nufi raga, sannan ta kasa cin ko ɗaya a bugun fenareti a gaban Yassine Bounou. Abin da ya hana wannan zama irin na Lisbon shi ne Marokon ba ta dokar da ƙwallo idan ta ƙwace: Achraf Hakimi da Hakim Ziyech da Azzedine Ounahi sukan haɗa gajerun bugu a gefen dama su fice daga matsi, Sofiane Boufal kuma ya ja ta a hagu, ta yadda 'yan baya ke samun numfashi, abokan karawa kuma ba sa sakin jiki su hau gaba duka. A haka ta fitar da Fotugal da ƙwallon da En-Nesyri ya ci da kai, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Wasanta da Faransa ya bayyana raunin da ke cikin dabarar tun asali, wato dogaronta ga wanda ya fara ci. Theo Hernandez ya ci a minti na 5, kuma Didier Deschamps, wanda ya ɗauki kofin 2018 da irin wannan salo duk da yana da 'yan wasan da za su iya mamaye kowa, ya ja da mutanensa baya ya sakar wa Maroko ƙwallo, ya ajiye Kylian Mbappé yana jiran fili. Maroko, wadda raunuka suka riga suka raba ta da Aguerd kafin a fara, suka kuma fitar da kyaftin Romain Saïss tun kafin hutun rabin lokaci, ta fi riƙe ƙwallo a wannan dare, ta kuma taka rawar gani, bugun Jawad El Yamiq ya daki ƙarfen raga, amma aikin da aka ɗora mata ba shi ne wanda aka gina ta dominsa ba, Randal Kolo Muani kuma ya rufe wasan a minti na 79.

Najeriya ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci Aisilan a Volgograd a 2018 harin ramuwa ce tsantsa: an kawar da hari, Victor Moses ya ruga da ƙwallo ta dama ya ɗago ta, Musa ya sauke ta da taɓawa ɗaya ya narka ta biyu. A gasar Kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024, José Peseiro ya koma mutum uku a tsakiyar baya tun daga wasa na biyu, William Troost-Ekong da Semi Ajayi da Calvin Bassey, tare da 'yan gefe biyu da ke komawa su zama biyar, kuma tawagar ta buga wasa huɗu a jere ba a zura wa Stanley Nwabali ƙwallo ba, yayin da matsin Victor Osimhen da gudun Moses Simon da Ademola Lookman suka samar da abin da ake buƙata a kan Kamaru da Angola. A wasan ƙarshe da Kodebuwa ranar 11 ga Fabrairu a Abidjan, Troost-Ekong ya ci da kai a minti na 38, tawagar ta ƙara nutsewa baya, amma 'yan tsakiya biyu da suka ɗauki nauyin gasar tun farko sun riga sun gaji, tazara tsakaninsu da Osimhen ta yi nisa, ƙwallon da aka ƙwace kuma ba ta daɗewa kafin ta dawo. Simon Adingra ya yi ta samun ta a gefen hagu yana gwada Ola Aina sau bayan sau, daga bugun kusurwarsa Franck Kessié ya farke a minti na 62, daga ƙwallon da ya kawo kuma Sébastien Haller ya ci ta biyu a minti na 81, lokacin da bai rage wa Najeriya isasshen lokaci ko ƙarfin ƙafa da za ta sauya salo ba.